Alewar Godiya

Ranar Lahadi ce, ƙarshen yankan riɗi. Muna kambo, bukkokin ma'aikata a wata babbar gona gabas da Basunda, kusa da iyakar Habasha. Gida huɗu ne na Kirista a wurin, cocinmu kuwa inuwar wata tirela ce da ta mutu tun kafin a haife ni.

Kowace shekara, riɗin farko da aka kakkaɓe Inna takan soya shi da sukari, a kai gaban Ubangiji, a yi godiya kafin kowa ya taɓa. Ƙarfe shida ta gama, ta rufe da faifai. Cikina yana kukan da na tabbata ana jin sa a Habasha. Na ce zan gutsiri kusurwa ɗaya. Ashe alewar duk kusurwoyi ce, na cinye ta tas.

Ƙarfe bakwai Baba ya ɗaga faifan. Na nuna yayana Bulus da haɓa. Na saba, shi ma ya saba. Ya dube ni, ya ga riɗi a haƙorina, bai tona ni ba. Baba ya ce ɓarawon kayan Allah ba zai zauna a sujada ba, ya je ya yi gadin tarin riɗi a bakin gona. Da ya wuce na yi masa gwalo.

Ƙarfe tara da rabi muna waƙa. Muryata ta fi ta kowa. Sai ƙara ɗaya daga gabas, kamar an fasa busasshen itace. Sai uku a jere. Tsuntsaye suka tashi daga dawa gaba ɗaya. Wani ya ce shifta ne, 'yan fashin kan iyaka.

"Ku kwanta!" in ji Baba.

Na kwanta, ƙasa a bakina. Bukkar farko ta kama wuta. Na ji kukan akuya, na ji Inna tana kiran Bulus.

Ammu Haruna, direban tarakta, Musulmi, ya jawo tirelarsa har gabanmu.

"Yalla, ku hau."

Inna ta nufi gabas, wajen tarin riɗi, da gudu. Maza biyu suka ɗauko ta suka jefa ciki. Baƙar ƙasar ta tsattsage, tirela tana wurgi da mu kamar buhuna. Da azahar muka shiga Basunda, takalmina ɗaya.

Washegari da hantsi sojoji suka kawo Bulus a bayan mota. A gindin tarin riɗin suka same shi. Bai bar wurin da aka ajiye shi ba.

Inna ta durƙusa a filin makarantar da aka sauke mu, ta gode wa Allah da ya bar mata sauranmu. Na kasa cewa amin.

Kwana uku na riƙe, sannan na faɗi gaskiya. Baba ya tashi ya fita. Inna ta daɗe tana kallon hannuwanta.

"Rifkatu, Yesu ya ɗauki wannan ma," ta ce. "Ni ma na yafe. Ci abincinki."

Na yarda da jinƙan Ubangiji, ba ni da wani wurin zuwa. Amma ya zo mini da sauri, kafin a ko mare ni, kuma wanda nake so in roƙa ba ya nan. Baba bai sake zancen ba. Shi ma yana da nasa abin da yake roƙo.

Mu huɗu muka zo yankan riɗi. Lorin komawa gida Gadarif ya ɗauki uku.