Ƙofar da Kafinta Ya Saya

Kafinta ne, kuma gado da kujera da kabad duk ya iya su, sai dai ƙofa ce ta shiga ransa tun yana koyon aiki, har 'yan layinsu suka manta sunansa, kowa sai ya ce Mai Ƙofa. Shagonsa rumfar kwano ce a bakin titi, tsakanin mai faci da mai walda, ƙasa kullum cike da garin katako, ga ƙofofi a jingine suna jiran masu su. In ya shiga gidan mutum, kafin a gama gaisawa ya riga ya kama ƙofar falo, ya buɗe, ya rufe, ya kasa kunne. Yana da wata magana da ya gada wurin maigidansa, wai in kana son sanin halin mai gida ka duba ƙofarsa, don wanda ya kula da ƙofa ya kula da abin da ke bayanta. A kan gidaje maganar takan yi daidai. Shi kuwa sai ya ɗauke ta ya ɗora wa komai na duniya, kuma a nan ta cuce shi.

'Ya'yansa biyar, na shida yana hanya, a ɗaki biyu na haya. Abin hawansa tsohon babur ne. In za su gaida kakar yaran sai ya yi ta sawu, ya kai waɗannan ya dawo ya ɗebi waɗancan, kafin na ƙarshe su sauka na farko sun fara kukan a mayar da su gida. Matarsa takan ce su kam ba su taɓa zuwa ko'ina ba, aika su ake yi kashi-kashi. Wannan duk abin dariya ne, da matsalar ke nan kaɗai da babu wanda zai yi zancen mota.

Babbar 'yarsa ce damuwar. Ƙannenta suna ce mata Yaya, shi kuma Uwata yake kiranta. Tana ƙarama zazzaɓi ya kwantar da ita, ya tafi da ƙafafunta, ya bar mata kai mai ja. Tun ranar da aka sa ta makaranta shi ne ƙafarta. Da safe ya goya ta daga ɗaki zuwa kan babur, uwarta ta ɗaure su tare da zane, in sun isa ya sake goya ta daga bakin ƙofar makaranta har kan bencinta. Keken guragunta a gida yake zama, don babur ba shi da wurin sa shi. Haka suka yi shekara da shekaru, bai taɓa cewa ya gaji ba, ita ma ba ta taɓa kawo masa sakamakon da zai sa ya sunkuyar da kai ba.

To amma yaro ba ya tsayawa jiran ubansa ya shirya. Yarinya ta zama budurwa, shi kuma bayan da ya sha ɗaukar katako ya fara ba shi labari. Wata safiya, a tsakiyar filin makaranta, ƙugunsa ya riƙe, gwiwa ta saki, suka zube tare a gaban ɗalibai. Ba wanda ya yi dariya, kowa ya yi tsit, kuma daga baya ta gaya wa uwarta cewa shirun nan ya fi mata dariya ciwo. Tun daga ranar ta ce ba za ta sake hawa bayansa ba. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya sa kakarta ta yi magana, ta kafe. Shugabar makarantar ta ce za ta riƙe mata gurbinta zuwa zango mai zuwa, bayan nan kuwa ba ta yi alkawari ba. Shekara ɗaya ta rage mata ta zauna jarrabawar fita.

Ya gwada motocin haya. Direba na hango keken guragu a bakin titi sai ya kau da kai ya ƙara wuta. Sai ya yanke shawara: ƙaramar bas ta hannu, irin mai ƙofar gefe da ake zugewa. Zai cire kujera ɗaya, ya yi mata gadar katako, ta tura kekenta ta shiga da kanta ba tare da hannun kowa ya taɓa ta ba. Sauran yaran da mai zuwa kuma ga wuri.

Ƙanin matarsa bakanike ne, mutum mai baƙin hannu da kaifin baki. Shi ya fara raka shi wuraren masu sayar da motoci. Suna shiga, bakanike ya nufi inji, Mai Ƙofa kuwa ya zaro tef ɗin awo daga aljihu ya nufi gefe, yana auna faɗin ƙofa da tsawonta daga ƙasa. Ya zuge, ya mayar, ya kasa kunne. Wani dillali ya tambaye shi ko mota ya zo saya ko labule zai ɗinka mata, aka yi ta dariya, shi ko a jikinsa. Wadda injinta ke da lafiya, kuɗinta ya fi ƙarfinsa. Wadda yake iya taɓawa, ƙofarta sai an sa kafaɗa, ko an ɗaure ta da waya. In ya koma bayan sati biyu da ɗan abin da ya ƙaru a hannunsa, sai ya tarar farashi ya riga shi yin gaba.

Bakanike ya gaji, ya nuna masa wata ƙaramar mota ta wani da ya sani, mai ƙofa huɗu, inji garau. Ya ce, "Mai Ƙofa, ka ɗauki wannan. Inji ake saya, ba ƙofa ba. Ƙofa ba ta kai mutum ko'ina."

Mai Ƙofa ya leƙa ciki, ya auna, ya girgiza kai. Keken ba zai shiga ba. Dole a ciccibi yarinyar a cusa ta, a sake ciro ta a gaban makaranta, abin da ta rantse ba za a ƙara yi mata ba. Ya ce da surukinsa shi ba gudu yake nema ba, mutuncin 'yarsa yake nema. Bakanike ya ce to mutuncin ma ai sai mota ta tashi da safe. Maganar ta yi wa Mai Ƙofa zafi, suka rabu ranar kowa yana cika yana batsewa.

Ana saura kwanaki a koma makaranta wani dillali ya kira shi. Irin dillalan nan ne masu fara'a da yawa, waɗanda in sun gaishe ka sai ka duba aljihunka. Ya kai shi bayan wani gareji, ga farar bas tsohuwa, an wanke ta tas. Mai Ƙofa ya sa yatsa ɗaya a mariƙin, ƙofar ta tafi sumul, ta tsaya inda ya kamata, ya mayar da ita ta rufe da ɗan sauti mai taushi. Tunda ya fara yawon nan bai ji irinta ba. Ya durƙusa ya duba hanyar da take bi, ya ga an share, an shafa mai. Nan take zuciyarsa ta kwanta. Ya ce a ransa, wanda ya riƙe ƙofa haka ba zai wulaƙanta inji ba.

Da ya dafa wajen injin ya ji ɗumi, alhali da sauran safiya. Dillali ya ce rana ce. Aka murza makulli ta tashi bugu ɗaya, suka zaga layi suka dawo. Ya yi tunanin kiran surukinsa, sai dillali ya ce akwai wani mai gidan burodi da zai zo da kuɗinsa kafin azahar. Ya kuma tuna baƙar maganar da aka gaya masa, ya mayar da wayar aljihu. Kafin la'asar babur ya tafi, injin yankan katakon da ya yi shekaru yana taƙama da shi ma ya tafi, aka haɗa da ɗan abin da matarsa ta ɓoye don haihuwa.

A faɗi gaskiya, an yi farin ciki a gidan nan. Ya cire kujerar tsakiya, ya kafa gadar da ya ƙera tun kafin ya ga motar. Yaya ta turo kekenta daga tsakar gida, ta hau a hankali, ta juya, ta miƙa hannu ta ja ƙofar da kanta. Uwarta ta koma ɗaki wai ta manta wani abu, don kada a ga idonta. Ranar suka je gidan kaka gaba ɗayansu a sawu ɗaya, ƙananan suna ta faɗa a kan wanda zai zauna kusa da taga. Da aka koma makaranta ya kai ta har bakin aji, ta sauka a kan kekenta, kanta a sama.

Sati bai cika ba salansar motar ta fara hayaƙi. Daga nan wani ƙwanƙwasa ya taso daga ƙarƙashin kujerar direba, ya yi ta gaya wa kansa ƙarfe ne ya saki. Ran nan suna hawan gada da safe motar ta yi wata ƙara ta mutu. Mutanen hanya ne suka taya shi turo ta gida, yarinyar na ciki da jakar littattafanta a cinya.

Bakanike ya zo ba a kira shi ba. Ya zaro ma'aunin baƙin mai, ya murza man a yatsa. Ya ce inji ya buga, kuma ya daɗe da mutuwa, mai ne mai kauri aka ɗura masa ya toshe masa baki, aka kuma ɗumama shi kafin mai saye ya iso. Bai ce ai na gaya maka ba, da ma ya faɗa da an samu abin yin faɗa a huce. Wani injin, in ji shi, zai ci kusan abin da aka sayi motar. Da Mai Ƙofa ya koma wurin dillali, mutumin ya karɓe shi da fara'ar nan tasa, ya ce mota ai rai gare ta, yau lafiya gobe sai Allah, kuma shi a gaban shaidu ta tashi.

Daga nan abubuwa suka yi ta zamewa. Ba injin yanka, aikin yini ya koma na kwana uku da zarto, masu ba da aiki suka fara tsallake rumfarsa suna shiga wurin mai walda, don yanzu kowa ƙofar ƙarfe yake so. Aka haihu, namiji, aka yi murnar da za a iya. Motar tana ƙofar gida, tayoyi suka sace ɗaya bayan ɗaya. Wani mai sayar da kayan mota ya zo ya zagaya ta, ya ce inji gwangwan ne, giya ma ba tabbas, amma ƙofar nan in za a cire masa zai saya da daraja. Mai Ƙofa ya kore shi da zagi, abin da ba halinsa ba ne.

Ya yi tunanin ya roƙe ta ta koma bayansa, ko a ƙasa ne ya riƙa kai ta. Kafin ya yi mata maganar sai ya gwada kansa a shago. Ya sa mai faci ya ɗora masa buhun siminti a baya, ya yunƙura, ya kasa miƙewa. Ya zauna a kan buhun ya daɗe, baƙin ciki ya cika shi, da kunyar da bai san wa zai gaya wa ba. Turawa a keke kuwa, makarantar tana can ƙetaren babban titi, tafiyar da ko mai ƙafa sai ya shiga mota.

Bai daina cewa ana nema ba. Duk yamma in ya dawo sai ya ce mata an ji labarin wani inji, ana magana, ta ƙara haƙuri. Ita kuma ta ce to, Baba. Zango ya yi nisa, daga makaranta aka aiko sau ɗaya ana tambaya, ba a sake aikowa ba.

Wata safiya yana shirin fita ta kira shi. Tana zaune a bakin ɗaki, kayan makarantarta a ninke a cinyarta, an wanke an goge. Mai bi mata tana tsaye a gefe da tata rigar da ta ɗage mata har gwiwa.

Yaya ta ce, "Baba, in za ka wuce ka miƙa wa tela waɗannan ya rage wa ƙanwata. Nata sun yi mata kaɗan."

Ya ce, "Uwata, ke kuma me za ki sa in an gyara motar?"

Ta dube shi, ba fushi a fuskarta, ba hawaye. Ta ce, "Ka ce masa kada ya yanke tsawon da yawa, ya naɗe daga ciki. Ita ma girma take yi."

Ya miƙa hannu biyu ya karɓa, ya sa a ƙarƙashin hammata, ya fita da ƙafa.