Kawu Bawa da Rabin x

Duk wanda ya zauna ajin lissafi na Kawu Bawa a Talata Mafara ya san halinsa. Ka tambaye shi wanne ya fi tsakanin abu biyu, sai ya tura hula ƙeya ya ce ya danganta. Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma ɗalibinsa a shekarun da ake gina dam ɗin Bakolori, don haka na sha wannan amsa a aji, na sha ta a gida.

Wata rana mai duba makarantu ya zo daga Sakkwato don ya ga ko Kawu ya cancanci ƙarin girma. Baƙon ya rubuta 1/2x a allo, ya ce x huɗu ne, mu ba shi amsa. Wasunmu suka ce biyu, wasu suka ce ɗaya bisa takwas. Kawu ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, x ɗin ga naka, ƙasa yake zaune tare da biyu, ko gefe yake tsaye?"

Baƙon ya ce ai kowa ya san abin da yake nufi.

"To, kowan ya rabu gida biyu," in ji Kawu.

Ƙarin girma dai bai zo ba, sai ma aka tura shi Maradun. Ya ce ba komai, ƙarin nisa ma ƙari ne.

A can ruwan dam ya cinye gonar amininsa Ɗanjuma. Wani dillali ya yi wa Ɗanjuma tayin fili ninki biyu na wadda ya rasa. Kawu ya bi su, ya tarar da fako fetal, ko ciyawa babu. Ya ce 2x ya fi x kam, amma sai in x ya fi sifili. Ciniki ya watse, dillalin kuwa bai sake gaishe shi ba.

Matarsa Inna Hajo kaɗai ta taɓa ƙure shi. Ta tsare shi ya faɗa, miyarta da ta mahaifiyarsa wacce ta fi daɗi. Ya zana mata alamar "ya kai ko ya fi" a ƙasa. Da ta tambayi wa ke wane gefe, sai ya tuna bai yi la'asar ba!

Yau ajin nan shiru. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya sa alherinsa ya rinjaya a mizani. Amin.