Keken Baba Ya Hau Tirela

Mun tashi da asuba, ko in faɗi gaskiya, mun sulale da asuba, don babu wanda muka yi wa sallama. Ana idar da salla na zagaya zaure na turo keken Baba, na ɗaga tayar baya sama don kada sarƙar ta tona mini asiri. Baba ya tafi ta'aziyya Ɗanzomo tun ranar Laraba, ya ce sai Alhamis da yamma zai dawo. Na tsara cewa kafin la'asar keken zai koma inda yake, a goge tas, kamar ko ƙuda bai sauka a kansa ba.

Sai kun san matsayin keken nan a gidanmu za ku gane girman abin da na aikata. Tun da fetur ya haukace Baba ya jingine babur ɗinsa, ya rufe shi da buhu, yanzu kaji ne ke kwana a kai. Keken nan shi ke kai shi gona, shi ke ɗauko taki, shi ke kai hatsi inji. Ga shi muna tsakiyar damina, gonar kuma ba kusa take ba. Idan keken ya ɓace, Baba zai koma tafiya da ƙafa da gwiwarsa mai ciwo.

To me ya kai ni? Haushi ne ya kai ni. Hutu ya kusa ƙarewa, ban yi wani abin da zan ba da labarinsa a aji ba. Mai gidan kallon ƙwallon unguwarmu ya ƙara kuɗin shiga, bai tsaya nan ba, har ramin langalangar da muke leƙe ta ciki ya sa an toshe da kwalta. Wane irin mugun hali ne wannan? Ramin nan ya yi mana hidima shekara da shekaru, bai taɓa cin abincin kowa ba. Data kuma ka saya da safe, kafin ka gama dariyar bidiyo ɗaya ta yi maka sallama. A Gumel yanzu abin da ya rage kyauta shi ne zama a bakin titi kana kallon adaidaita suna wucewa, su ma ɗin babu kowa a ciki.

Ɗan kawuna ne ya kawo shawarar. Ya ce ranar Alhamis kasuwar Maigatari ke ci, akwai raƙuma, akwai shanun da ƙahonsu ya fi ni tsawo, kuma har yau ba a fara sayar da tikitin kallon raƙumi ba. Muka ɗauki na ukunmu, wani abokinmu, ba don komai ba sai don shi kaɗai ke da waya mai ɗaukar hoto. Ɗan kawuna ya zo da nasa keken, wanda ba shi da burki, ba shi da kariyar ɗaukar kaya a baya, sirdinsa kuma tsumma ne aka naɗe. Saboda haka mai waya ya hau bayana.

Jama'a, yaron nan a ido siriri ne, amma a kan kariya buhun masara ne. Ban san inda yake ɓoye nauyin ba. Hanyar dai tana da kyau a wannan lokaci: gero ya kai ƙirji hagu da dama, iska mai sanyi, makiyaya suna kora dabbobi ta gefen kwalta, mata ɗauke da ƙwaryar nono suna sauri. Duk wannan mai waya ne ya gani ya ba ni labari. Ni abin da na gani shi ne tayar gaba da gumin da ke ɗiga daga hancina. Akori-kura cike da awaki suna wuce mu suna busa mana hayaƙi. Har wani tsoho a kan jaki ya wuce mu, ya waiwayo ya ce, "Sannunku da ƙoƙari, samari." Jakin ma sai da ya kalle ni.

Mun isa da hantsi. A bakin kasuwa akwai wurin ajiyar kekuna da babura, an kewaye shi da igiya, wani dattijo yana zaune a kan benci. Ka ba shi keke, ya yaga kati biyu, ya maƙala rabi a jikin keken ya ba ka rabi. Kuɗin bai kai na ƙosan karin kumallo ba, kuma ina da shi a aljihu. Ina miƙa hannu sai ɗan kawuna ya riƙe ni.

"Kai, ba mu ce tafiyar kyauta ba? Ka biya don keke ya tsaya? Tsayuwar ma sai an saya?"

Ya ja mu can gefen kara, wajen tudun da ake loda shanu. Ga wata tirela a tsaye, babu komai a cikinta, ta yi inuwa mai faɗi. Ya ce babu ɓarawon da zai taɓa keke a gaban mutane masu yawa haka, kuma kafin a cika motar nan sai dare. Na jingina keken Baba da tayarta. Shi kuwa nasa, da yake ba ya iya tsayuwa ko an jingina shi, ya kwantar da shi a ƙasa can gefe.

Ba zan yi ƙarya ba, kallon ya yi daɗi. Na ga raƙumin da idan ya kalle ka sai ka ji kamar ka taɓa yi masa laifi. Na ga dillalai suna jan hannun mai saye da na mai sayarwa suna haɗawa da ƙarfi, wannan yana fizgewa yana cewa albarka, wancan yana rantsuwa da kabarin kakansa. Mun tsaya wajen wani mai tallan magani da lasifika, garinsa ɗaya tak, amma yana maganin basir, ciwon baya, mantuwa da faɗuwa jarrabawa. Sannan muka shiga layin masu kayan ci muka fara aikin da ya kawo mu, wato ɗanɗano. Kowa ya san mai saye yana da haƙƙin ɗanɗanawa. Mun ɗanɗana dabino, mun ɗanɗana aya, mun ɗanɗana ƙuli-ƙuli a wurin mutum huɗu, a wurin kowanne muna girgiza kai muna cewa gishiri ya yi yawa. A wurin wani mai cuku daga Nijar ne asirinmu ya tonu, don ɗan kawuna ya manta ya koma masa karo na biyu.

"Kai ɗan lakwal," in ji shi, wato ɗan makaranta a bakinsu, "ɗazu ka ce bai yi ba. Yanzu ya gyaru ne?"

Hoton raƙumin kuwa, wanda saboda shi na yi dakon mai waya tun daga Gumel, bai samu ba. Ina tsaye na gyara wuyan riga, raƙumi ya juyo daidai, sai saƙo ya shigo wayar da Faransanci. Ashe layin ya tsallaka iyaka ya kama na Nijar. Yaron nan ya yi ihu wai za a cinye masa kati, ya kashe wayar, ya cusa ta a aljihu, ya dafe da hannu biyu. Na roƙe shi, na zage shi, na ce ɗaukar hoto ba ya cin kati. Ya ce shi dai ba zai kunna ba sai ya ga Gumel da idonsa.

Bayan mun yi azahar muka koma ɗaukar kekuna. Inuwar babu. Tirelar babu. Keken ɗan kawuna yana nan kwance inda aka bar shi, ko akuya ba ta shinshine shi ba. Na Baba kuwa sai sawun taya.

Na yi ta zagaye wurin kamar zai fito daga ƙasa. Na tunkari wani babban mutum mai tsumagiya a hannu, wanda na ga 'yan lodi suna bin umarninsa. Na gaishe shi, na ce Baba, an sace mini keke.

"A ina ka ajiye?"

"A jikin motar da ke nan."

Ya kalle ni daga sama har ƙasa. "A jikin mota? Yaro, kai ɗan ina ne? A wurin lodi duk abin da aka jingina da mota kaya ne. Masu rakiyar shanu suna tafiya Kudu da kekunansu da baburansu. Yarana sun ga keke a jikin taya, sun ɗaure shi a sama. Aikinsu suka yi."

Aikinsu suka yi! Ba su tambayi kowa ba, ba su yi cigiya ba. Da jariri na jingina a wurin da yanzu yana hanyar Legas. Na juya in shaƙe ɗan kawuna, sai na ga ya koma bayan mai waya yana duban sama kamar mai neman hadari.

Allah ya saka wa mutumin nan da alheri, duk da sai da ya tara jama'a ya ba su labarina suka yi dariya tukuna. Wani direban Nijar har da riƙe ciki, yana cewa a garinsu ko yaron goye ya san ba a jingina kaya da kamiyo, wato babbar mota. Daga nan shugaban 'yan lodin ya kira direban tirelar. Ta riga ta wuce Gumel. Direban ya ce ba zai juyo da shanu saboda keke ba, amma zai tsaya a Gagarawa duba dabbobi, zai sauke shi wurin wani mai faci a bakin titi.

Gagarawa! Wato in wuce garinmu, in ƙara gaba, sannan in dawo. Abokan tafiyata suka ce ai keke ɗaya ba zai ɗauki mutum uku ba, kuma iyayensu za su neme su. Suka hau ragowar ƙarfen nan suka tafi, ɗaya a sirdi ɗaya a kan sanda. Shugaban 'yan lodin ya haɗa ni da wata akori-kura mai zuwa wajen Gujungu. Ba a karɓi ko sisi ba, sharaɗin kawai in zauna a baya in hana awaki tsalle.

Ku da kuke zaune a gida kuna cewa akuya dabba ce mai sauƙin kai, ku zo mu yi magana. Guda ta ci gefen rigata. Guda ta taka mini yatsa ta ƙi ɗagawa. Wani bunsuru mai warin da zai tayar da matacce ya zaɓe ni aboki, ya ɗora haɓarsa a kafaɗata, kuma abin da ya yi mini a wando ba zan rubuta shi ba. Da muka ratsa Gumel na kwanta a tsakiyarsu don kada wani ya gane ni. Ban taɓa tunanin zan wuce ta bakin unguwarmu a ɓoye a ƙarƙashin akuya ba.

Ana kiran la'asar na sauka a Gagarawa. Ga keken can jingine da rumfar mai faci, kashin shanu ya yi masa ado har sirdi, amma lafiyarsa ƙalau. Wallahi sai da na rungume shi. Mai facin, wani dattijo mai furfura, ya ba ni ruwa na sha, ya ba ni tsumma da bokiti, sannan ya ce tunda ya yi gadi, in buga masa iska a tayar amalanken da ke gabansa. Tayoyi biyu, da famfon hannu. Na buga ina haki, shi yana cin gyaɗa yana ba ni labarin yadda yaran zamaninsu suke da hankali.

Daga nan na taka zuwa Gumel kamar ana bi na da wuƙa. Ban ga gona ba, ban ga mutum ba. Ana shirin kiran magariba na shigo layinmu, na sauka, na turo keken a hankali. Sai ga Baba zaune a kan tabarma a ƙofar gida, buta a gefensa.

Na durƙusa na ce, "Baba, sannu da dawowa. Ya hanya?"

"Lafiya lau. Ai da wuri na dawo." Ya dubi keken, bai dube ni ba. "Na sauka daga mota bayan azahar, ina tsaye a bakin titi, sai ga tirelar shanu. Na ɗaga kai, sai ga kekena a sama, ya nufi Kano. Har hannu na ɗaga masa."

Maƙwabcinmu da ke alwala ya ƙyalƙyale da dariya. Baba bai yi ba. Ya ce tun daga lokacin yake zaune a wurin nan, yana tunanin yadda zai riƙa kai taki gona a ka. Na so a ce dukana ya yi. Na faɗa masa komai, har da ɗanɗanon cuku, ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya tashi, ya karɓi keken, ya shigar da shi ɗakinsa, ba zaure ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne, amma ya shiga. Kasuwar Maigatari ta cancanci kallo, ku je, kyauta ne. Ku biya dattijon mai igiya. Kada ku je da mai wayar da ke tsoron Faransanci. Shawarar ɗan kawu kuma, ku saurara da kyau don ku san abin da ba za ku yi ba. Har yau ba na yi masa magana, shi kuma yana yawo yana gaya wa mutane wai shi ya kai ni yawon buɗe ido.

Hukuncina shi ne zuwa gona kullum har a koma makaranta. Baba a kan keke, ni a ƙasa da fartanya biyu a kafaɗa. Ba ya sauri, yana tafiya daidai yadda zan riƙa ganin bayansa. Jiya da muka kai rabin hanya ya tsaya ya jira ni, na iso ina huci, ya ce, "Yaya dai, matafiyi? Ka saki ranka mana. Wannan ma yawo ne, kuma ba a biya."