Turken Jirgi a Gonarmu

Jiya hauyata ta bugi turken ƙarfen nan a gonarmu ta Cadawa, sai na tuna Baba. Ya yi lebura a tashar jirgin ƙasa ta Ƙauran Namoda, kullum labarinshi ƙamshin gawayinta. Shekarar samun 'yanci masu awon hanya suka kafa turken, suka ce nan jirgi zai bi. Daga ranar Baba ya hana shuka wajen.

Wata shekara rumbunmu ya ƙare tun bazara, na ce, "Baba, mu shuka nan, ƙasar ta huta."

Ya ce, "In jirgi ya tarar da hatsi a hanyarshi fa?"

Jirgi bai zo ba. Bana ma na iso turken da iri a hannu, na kasa zubawa. Allah ya jiƙanka, Baba, ya sauke ka inda ba a jira.