Ranar da Na Bar Ƙanena a Gindin Gawo

Mu biyu Allah ya raya wa Inna a cikin maza, ni da ƙanena, tsakaninmu shekara huɗu. Ƙauyenmu yana bakin kogi, kudu da garin Rusairis, tafiyar sa'a guda a kan jaki. Ni aka ba wa allo da fartanya. Na sauke Alƙur'ani, na iya rubutun ajami, na kama gonar Baba ta bakin ruwa. Shi kuwa aka sa shi makarantar hukuma, ya fito da Larabci a bakinsa kamar ba Bahaushe ne ya haife shi ba.

Yana da shekara goma sha bakwai ciwon sukari ya kama shi. Ya rame, ya dinga shan ruwa ba ƙoshi. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi da 'yan kwalabe da sirinjin gilashi. Hakim, wato mai duba marasa lafiya a ɗakin shan magani, ya ce allura ce kullum har ƙarshen rayuwa. Ni na raka su, ni ne kuma na rubuta bayanin hakim da ajami, don Baba ba ya son dogara da kunne. Na rubuta lokacin allura, na rubuta abin da ba zai ci ba. Can ƙasa na rubuta cewa in aka ga yana zufa mai sanyi, jikinsa na rawa, yana surutai, a ba shi sukari da gaggawa. Na karanta musu a gida sau ɗaya. Inna ta riƙe farkon maganar, ta saki ƙarshenta. Abin da ya zauna mata shi ne sukari guba ne ga ɗanta. Ta ɗauke gwangwanin sukari ta kulle a akwati, ta rataye makulli a wuya.

Daga nan gidanmu ya koma yi masa hidima. Inna ta tona rami a gindin randa, ta zuba yashi mai laima, nan ake binne kwalaben don kada zafi ya ɓata su. Kowace safiya kafin a ɗora kunu sai an tafasa sirinji. In an yanka kaza, ƙirjin nasa ne. In rana ta take, shi yana inuwa, ni ina ban ruwan albasa. Allah ya yafe mini, akwai ranar da na dubi tabon allura a cinyarsa na ji da ma a jikina yake, ko Inna za ta tambaye ni yadda na kwana da irin muryar da take tambayarsa.

Da aka fara ginin madatsar ruwa, Larabcinsa ya samo masa aikin tsaron ƙofa. Ya sayi keke, ya sayi agogo, ya koma sa wando da taguwa. In ya shigo gida sai ya dube ni, ya kira ni malam da Larabci, ya ce, "Ya faki, yau laya nawa aka rubuta?" Baba ya yi dariya. Ni ma in yi, amma tawa ba ta wuce haƙori.

Ni na fara sanin yana sha. Na kai albasa kasuwar ma'aikata, na hango kekensa a jingine a bayan wata bukka inda ake sayar da aragi, giyar dabino, hayaƙin bango, wato tabar wiwi, yana fita ta danga. Na dawo na gaya wa Inna. Ta dube ni ta ce, "Yaro ba shi da lahiya, kai kuma ka bi shi da hassada?" Na tashi na fita. Amma na ajiye abin a raina, ina jiran ranar da Allah zai nuna musu da idonsu.

Ranar ta zo a wata Juma'a. Ya yi allurarsa da safe, ya kurɓi kunu kaɗan, ya hau keke ya ce a masallacin ma'aikata zai yi salla. Bayan mun sauko daga Juma'a na nufi gona in duba shuka. A gindin gawon da ke kan hanya na ga keke a kwance, shi kuma yana gefe, ya jingina da saiwa, kansa ya langaɓe. Na sunkuya. Warin aragi ya buge ni. Yana wasu surutai, rabi Hausa rabi Larabci. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Na taɓa goshinsa, sanyi ƙalau.

Ba zan yi wa Ubangijina ƙarya a wannan takarda ba. Hannuna ya gane abin da ya taɓa. Amma zuciyata ta ce mini maye ne kawai, kuma na so in yarda da ita. Na miƙe, na bar shi nan, na koma gari in kira Baba. Ban yi gudu ba. Har na tsaya na gaisa da wani mai raƙumi.

Na sami Baba a ƙofar masallaci tare da dattawa. Da na so, da na ja shi gefe. A gabansu na ce, "Baba, a zo a ga ƙanena a gindin gawo."

Suka taso su biyar. Baba ya sunkuya kamar yadda na yi, ya ɗago, fuskarsa ta canza. Ladan ya yi salati. A garinmu akwai abin da aka saba yi wa mashayi tun zamanin kakanninmu da suka yada zango a nan kan hanyar Makka. Ba a dukansa, ba a zaginsa. Ana ajiye shi a wajen gida, ba mai yi masa magana, ba mai ba shi ci ko sha daga ƙwaryar gidan, sai warin ya fita daga bakinsa ya yi wanka. Aka ɗauko shi a kan jaki aka shimfiɗe a inuwar katanga, bayan zaure. Baba ya ce, "Kowa ya bas shi. In ya wartsake ya zo ya same ni."

Abin da na yi shekaru ina so ke nan, ga shi Allah ya ba ni a gaban mutane. Inna tana kuka a bayan danga, ba ta da bakin cewa hassada ce. Na tsaya ina kallonsa, ina jiran daɗin ya zo.

Sai surutan suka tsaya. Yatsunsa suka fara karkarwa, idanunsa suka yi sama. Dattawa suna cewa barcin maye ne ya ɗauke shi. Duk wurin ni kaɗai na san layin nan na ƙasan takarda, don ni na rubuta shi. In na yi shiru, ba wanda zai taɓa zargina.

Na faɗa cikin gida na ce, "Inna, makulli. Sukari."

Ta dafe ƙirji. "Sukari? Ka tona mai asiri bai ishe ka ba, sai ka kashe shi?"

"Inna, don Allah, rashin sukarin ne zai kashe shi."

Ta ƙi. Ban taɓa sa hannu a jikin mahaifiyata ba sai ran nan. Na tsinke zaren daga wuyanta, na buɗe akwati, na fito da gudu. Baba ya daka mini tsawa, "Na ce a bas shi!" Na ce, "Baba, ka buge ni daga baya." Na durƙusa, na karkata kansa. Ba ya iya haɗiya, don haka ban ɗura masa ruwa ba. Na dangwali sukari da yatsa ina goga masa a dasashi da cikin kumatu, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ban san tsawon lokacin ba. Can ya motsa harshe. Da ya fara haɗiyar miyau na dama sukari a ruwa na ba shi kaɗan kaɗan. Ya buɗe ido ya dubi mutanen da suka kewaye shi ya ce, "Mi ya faru?"

Nan take magana ta juya. Ladan ya ce bai taɓa ganin mayen da sukari ya warkar ba, wannan ciwo ne. Inna ta leƙo ta ce warin ai na ruwan nan ne da yake goge fata da shi kafin allura. Dattawa suka gyaɗa kai, kowa ya ji sauƙi. Baba ya juyo gare ni. "Kai ka ji bayanin hakim. Ciwo na ko giya?"

Ƙanena yana kallona daga ƙasa. Na ce, "Ciwo ne ya kayar da shi, Baba." Gaskiya na faɗa, amma ba dukanta ba. Baba da kansa ya tallabe shi ya shigar da shi gida, yana ba shi haƙuri. Ni ba wanda ya ce mini sannu. Inna ta kwana uku ba ta amsa gaisuwata da kyau saboda zaren wuyanta.

Washegari aka ce in raka shi wurin hakim. Can ya faɗi gaskiya, don hakim ba ɗan garinmu ba ne. Mutumin ya ce allura tana rage sukarin jini, hanta ce ke ƙaro shi in mutum bai ci abinci ba, aragi kuwa yana hana hanta wannan aiki. Ya ce mafi muni, mai faɗuwar sukari da mashayi kamarsu ɗaya, sai a bar mutum ya mutu ana cewa barci yake. Bango kuma yana mantar da mutum lokacin ci da lokacin allura. Ya dube ni ya ce, "Da ka ƙara jinkiri kaɗan, da gawa kuka ɗauka."

A hanyar komawa muna tafe a ƙasa, yana tura keke. Da muka yi nisa sai ya ce, "Yaya, a gindin gawo ina ji. Ka taɓa goshina, ka tashi ka tahi."

Na ce, "Haka ne."

"Ka san ko mine ne?"

"Na sani."

Muka wuce gonakin dawa. Sannan ya ce, "Ni ba ni komawa bukkar nan. Kai kuma ba ni gaya ma Inna." Na ce ban roƙe shi ba. Ya ce shi ma bai roƙe ni ba jiya.

Ya cika maganarsa duka biyu. Ya yi aure, ya ga 'ya'yansa, ya riga Inna rasuwa da shekara biyu. Har ta koma ga Allah tana ba jikoki labarin yadda aka so a yi wa ɗanta ƙazafin giya, Allah ya wanke shi. In tana faɗa ina zaune, nakan sunkuyar da kai in ja carbi. Ina yi masa addu'a bayan kowace salla, ina kuma neman gafarar tafiyar nan da na yi a hankali daga gindin gawo zuwa masallaci.