Na Ce Mata Alhamis

Ina da shekara ashirin da biyu aka ba ni ajin yaƙi da jahilci na mata a unguwar Umarari, a farkon shekarun tamanin. Ban daɗe da karɓar takardar malanta ba, kuma ina jin kaina kamar ni na ƙago abacada. Ajin 'yan firamare muke ara. In yara sun tashi sai a share, bayan la'asar matan unguwa su shigo da lafayarsu da goyonsu, su takure a bencin da aka yi don 'yan shekara bakwai. Akwai masu tuyar ƙosai, akwai mai kitso, akwai matan dillalan shanu. Su goma sha tara ne, kuma babu wadda ba ta girme ni ba.

Babbarsu wata tsohuwa ce Kanuri, ungozomar unguwar, kowa Iya yake ce mata. Rabin yaran da ke zama a bencin nan da safe ita ta yanke musu cibi. Abin da ya kawo ta ajina ba ɓoyayye ba ne. Ƙaramin asibitin da ke kusa da mu ya ce zai ɗauki ungozomomi ya koya musu aiki, a ba kowacce akwati mai almakashi da safar hannu da katin rubuta haihuwa. Amma sai mai takardar yaƙi da jahilci, don da boko ake cika katin. Wadda ba ta da akwati kuwa, za a riƙa gaya wa masu ciki su daina kiranta.

Ba zan ce Iya jahila ba ce, ko da yake a lokacin na sha faɗa a zuciyata. Mahaifinta malami ne mai rubuta Alƙur'ani da ka, a gabansa ta koyi riƙe alƙalami, kuma ajaminta ya fi bokona kyau nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce hannun da ya shekara hamsin yana farawa daga dama ba ya jin magana. Sai in ɗaga kai in ga ta fara layi daga can ƙarshen takarda.

"Iya, daga hagu!" Haka nake cewa, ina buga rula a tebur.

Sai ta yi dariya ta goge. "To, Malama. Hannun nan taurin kai gare shi, kamar mai shi."

Duk kalmar da na rubuta a allo, sai ta kwafe ta a hankali, sannan ta sa mata ajami a ƙasa don ta tuna. Wannan ya sa kullum ita ce ta ƙarshe. Na kuma san cewa da hantsi matan ajin suna taruwa a tsakar gidanta, ta buɗe littafinta ta maimaita musu darasin jiya da Kanuri, har wadda ba ta gane ba ta gane. Na sani sarai. In an yaba mini cewa ajina na da ƙoƙari, sai in sunkuyar da kai in ce yin Allah ne.

Da jarrabawa ta matso, malamin da ke zagayawa duba azuzuwanmu ya tara mu malamai ya ce duk wadda ɗalibanta suka ci jarrabawar dukansu, ita za a tura kwas Kano. Ban taɓa wuce Potiskum ba, na kuwa ƙwallafa rai. Jarrabawar sau ɗaya ake yi a shekara: karatu, lissafi, da shifta, wato a karanta jimloli ɗaliba ta rubuta kafin lokaci ya cika. Na dubi ajina, na ga mutum ɗaya ce za ta ja ni ƙasa a shifta. Na kuma san ƙa'ida, wadda ba ta zo ba, ba a lissafa ta cikin waɗanda suka faɗi.

Ranar da na sanar cewa Talata ce jarrabawa, Iya ba ta nan. An kira ta unguwar Jiddari, jikarta na naƙuda, ta kwana biyu a can. Ranar Lahadi na taka da ƙafata na je gidanta. Babu wanda ya aike ni. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwan randa mai sanyi, ta sa turaren wuta a kasko ta ajiye kusa da ni kamar wata babbar baƙuwa. Na sha ruwan, na yi mata barka, sannan na ce na zo ne in gaya mata jarrabawa ranar Alhamis ce.

"Allah ya yi miki albarka, fero," ta ce. Fero yarinya ke nan da Kanuri, haka take kirana in ba a aji muke ba. "Da wata ce da ba ta wahalar da kanta ba."

Ranar Talata mata goma sha takwas suka zauna. Malamin ya gyara takardun nan take, dukansu suka ci. Ya tambayi ina cikon ta goma sha tara, na ce tsufa ne, ƙila jiki ya ƙi. Matan ba su yi guɗa ba yadda na zata. Mai kitso, wadda kullum sai ta tsaya ta tsokane ni kan kitson da ya tsufa a kaina, ta wuce ta gabana ko kallo ban ishe ta ba.

Alhamis babu aji, an riga an rufe. Da na yi zamana a gida da ba wanda zai tambaye ni. Na ce wa kaina rajista zan ɗauko. Da na shiga, ga Iya a bencinta ita kaɗai, da sabuwar lafaya, da fensir biyu da ta fiƙe da reza ta jera a gabanta.

"Wushe, Malama," ta gaishe ni. "Kin ce Alhamis. Ga ni."

Bakina ya fara haɗa wata ƙaryar, wai daga ofis aka sauya ranar. Ta ɗaga hannu.

"Bari, fero, kada ki ƙara wa kanki kaya. Tun Litinin mai kitso ta zo ta ce in shirya mu tafi tare da safe. Na ce mata ƙafata ke ciwo."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ƙyar na ce, "To me ya hana ki zuwa, Iya?"

"In na zo, fuskarki za ta tona ki, su tambaye ni me kika je gaya mini ranar Lahadi, ni kuwa ba na iya rantsuwa a kan ƙarya. Matan nan da ƙyar mazajensu suka bar su fitowa. In aka ji malama ta yi haka, an rufe ajin ke nan, ba wadda za ta sake zuwa baɗi. Ita ma mai kitso ta zargi wani abu, na ce ta kama bakinta." Ta gyara zama ta ɗauki fensir ɗaya. "Yanzu ki yi mini tawa. Yadda aka yi musu, kada ki rage komai."

Akwai ragowar takardar tambayoyi a aljihun tebur. Na ɗauko, na kwance agogona na ajiye. Ta yi karatu, ta yi lissafi, muka zo shifta. Ina karanta jimlolin, ita kuwa ta sunkuya, ta danne gefen hagu na takardar da ɗan yatsa, daga nan take farawa kowane layi. Ba ta ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Ta ajiye fensir da saura minti uku.

Na bi takardar da jan biro. Allah ya gani, har a lokacin nan wani abu a cikina kuskure yake nema, ko na samu abin da zan kare kaina da shi. Guda ɗaya na samu. Akwai waɗanda suka ci ranar Talata da kuskure biyar.

"Na ci?"

"Kin ci, Iya."

"Alhamdulillahi. Dama so nake in sani, ko kan nawa ne ya tsufa." Ta turo mini takardar. "Sa hannu a ƙasa."

Na sa. Ta ninke ta huɗu, ta ƙulle a bakin lafaya, ta yi mini sai an jima ta fita. A wata mai zuwa ne asibitin zai zaɓi ungozomominsa, kuma mu biyun mun san ba a karɓar takarda mai sa hannuna.

Washegari da safe na tafi ofishin malamin da niyyar in faɗi komai, in roƙe shi ya zo ya gwada ta da kansa. Yana da ikon yin haka. Duk hanya ina maimaita abin da zan ce. Yana ganina ya miƙe da fara'a, ya ce dama ni yake jira, ya miƙo mini ambulan mai ɗauke da takardar kwas ɗin Kano. Ya tambaye ni ko da wata magana.

Na karɓa da hannu biyu. Na ce babu, na gode.