Bilyamin da Sunayen Kakanninmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, 14 ga Agusta, 2012, zazzaɓin kwana huɗu ya raba mu da ɗan baffana, Bilyamin Salihu, a asibitin garin Hasahisa.

Bilyamin, kai ka rubuta manhajar da muke tara sunayen kakanninmu a ciki, waɗanda suka taso daga Sakkwato suka zauna bakin kogin nan. Kai ke tambayar tsofaffi, ni ke bugawa, kana yi mini tsiya wai yatsuna sun fi hankalina sauri.

Ban manta ranar Iya Kulu ba, tsohuwar da ta fi kowa sanin asalin gidaje a ƙauyenmu. Tun hantsi take lissafo mana zuri'a har la'asar, sai wuta ta ɗauke fayil yana buɗe. Da aka dawo da ita, manhajar ta ƙi tashi, fayil ɗin ya lalace. Iya ta yi dariya ta ce, "Ma'alesh, ba komai, ɗiyana, in na ji sauƙin ƙahwa mu sake." Ba mu sake ba. Kafin wata ya mutu ta riga mu gidan gaskiya, da sunayen gida goma sha ɗaya a bakinta.

Ni na zagi masu wuta son raina. Kai kuwa ka ce, "Sakina, kahraba, wutar nan, ba ta sallama in za ta tahi. Laihina ne." Ka zauna ka sake ginin daga tushe. Manhajar ta koma duba ko fayil yana nan kafin ta buɗe shi, ta rufe shi bayan kowane suna. Ta daina rubutu a kan tsohon fayil: sai sabon ya kammala lafiya sannan ya maye gurbinsa. Na ce ka cika tsoro, ka ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ranar da ciwon ya kayar da kai, kana tsakiyar aiki aka ɗauke ka, aka fizge wayar kwamfutar a ruɗe. Bayan sadakar bakwai na kunna ta. Sai ga saƙo: aikin ƙarshe bai kammala ba, an koma kan wanda aka ajiye. Sunaye dubu uku da ɗari biyu, ba wanda ya ɓace. Na yi kuka har na gode Allah. Sannan na nemo sunanka, na sa ranar rasuwarka a gefensa, na rufe fayil ɗin kamar yadda ka koya mini.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da Iya Kulu a Aljanna. Ya ba Baffa Salihu da matarka Ilham haƙurin rashinka, Ya raya ɗanka Mahadi, wanda sunansa ke ƙarƙashin naka. Amin.